Jitar Malam Sabo a Zauren Zandam

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar aminina Malam Sabo, malamin firamare a Birnin Kudu, Allah ya jiƙansa. Tun da ya tafi ni kaɗai na rage gwanin jita daga nan har Gwaram, in na kaɗa ta tsuntsaye kan manta da gero a gona. Haka dai nake faɗa a majalisa, da yake babu wanda ya taɓa cewa in ɗauko ta.

A shekarar samun 'yancin kai Sabo ya sayi jitar wurin wani ma'aikacin asibiti da aka yi wa canjin gari, aka haɗa masa da wani littafin Turanci mai kaurin tubali, cike da hotunan jita da tarihinta. Littafin ya fi kiɗan shiga ransa. Sai ya zaunar da ni yana nuna mini: mai siririn ƙugu ta Sifen ce, tsirkiyarta ta hanji, mai faɗin ciki ta Amurka ce, tata ta ƙarfe. Da zai ga yau, kuɗin mai ya cika gari da rediyo mai kaset, samari na yawo da kiɗa a kafaɗa, da ya ce sun ci zomo ba su ci gudu ba.

Da kakar nan ɗansa Ado, wanda Sabo ya bar mini amana, ya nemi aure a Zandam. Wurin binciken asali wani ya ce ai ubansa makaɗi ne. Kakan yarinyar, Alhaji Bello, ya aiko cewa gidansu ba sa haɗa jini da maroƙa. Ado ya rame har wandonsa na neman wani mai shi.

Na saɓa jitar da Sabo ya bar mini, na rungumi littafin, sai zauren Alhaji. Na buɗe masa shafi shafi, na ce Sabo karatun abin ya yi, kamar yadda ake karatun taurari, bai taɓa bin biki da ita ba. Da na kai inda aka ce asalinta na komawa Andalus, tsohuwar daular Musulmi, tsoho ya gyara zama, ya daɗe yana duban hotunan. Daga nan ya ce ya ga littafi, saura kiɗan, kuma tunda ni ne almajirin marigayi, in taɓa ya ji.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na taɓa. Akuyar da ke ƙofar zaure ta tsinke igiya, wani jariri a cikin gida ya amsa mini. Alhaji ya ɗaga hannu, ya sa aka kawo goro, aka tsai da rana. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba.

Jitar ta fara tsagewa, gara ta ɗanɗana bangon littafin. Abin da ya rage na Sabo shi ne ɗa nagari da za a ɗaura wa aure, da shaidar cewa mutum kan so abu don Allah, ya nemi saninsa har tushe.

Da Alhaji ya rako ni bakin hanya, na tambaye shi ko Andalus ce ta gamsar da shi.

"A'a, Malam," in ji shi, "kiɗanka ne. Duk wanda ya koya maka wannan, ko tsakin dawa bai taɓa samu da roƙo ba."