Idon Yaya Habu da Bakina a Jidda

Mun tashi da asuba daga Zariya, mu huɗu a motar haya, muka nufi Kano don kama jirgin Jidda. Ni dai tun kafin a gama ɗaure kaya raina a jagule yake. Saura mako ɗaya tafiyar aka kira ni ofishin shugabarmu a wurin aiki, wata ƙungiya mai raba kekuna da sanduna ga naƙasassu, wai na rubuta "makafi" a rahoto. Yanzu ba a cewa makaho, ba a cewa gurgu, ba a cewa talaka, sai "masu buƙata ta musamman" da "masu ƙaramin ƙarfi". Na ce mata ai Sarkin Makafin garinmu da bakinsa yake faɗin sarautarsa, ban kuma ji ya sake mata suna ba. Aka miƙo mini takardar gargaɗi. Da furfurata ake koya mini magana.

Abu biyu ya fitar da ni: umra, da saƙon Hajiyarmu. Yayana, Yaya Habu, ya shekara ashirin da shida yana aiki a Jidda. Mutum ne mai son rubuta wasiƙa, shafi uku-uku, amma shekara biyu ke nan ya daina, sai waya. Da na je sallama Hajiya ta riƙe hannuna ta ce, "Ka gano mini shi da idonka, ka dawo ka faɗa mini gaskiya. Kai ne ba ka iya kwana-kwana ba."

Mun karya da shayi da ƙosai a Kwanar Dangora, a tsaitsaye, direba yana ta danna ham. Saurin bai amfane mu da komai ba, don a filin jirgi aka sanar da "ɗan jinkiri". Ɗan jinkirin nan ya ci mana azahar da la'asar. Ɗaya daga cikin abokan tafiyata ya ce in yi haƙuri, can ƙasa mai tsarki ba ruwan kowa da wannan lallaɓa harshe. Na yarda da shi, don abin da nake son ji ke nan.

Jidda ta tarbe mu da zafi mai danshi, kamar an rufa wa mutum jiƙaƙƙen bargo. Muka wuce Makka kai tsaye, muka yi kwana huɗu. Alhamdu lillahi, an yi ibada, amma ba zan ɓoye ba, ko a ɗawafi hankalina yana kan Yaya. Rana ta biyar na bar abokan tafiya suna cinikin dardumai, na shiga tasin haɗaka na dawo Jidda. Titi shimfiɗe, ba rami ko ɗaya, duwatsu baƙaƙe hagu da dama, direban kuwa gudu yake kamar an biyo shi.

Hindawiyya, unguwar da Yaya yake, tsohuwar unguwa ce mai lunguna, na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗiga ruwa a kan mai wucewa. Hausa ko'ina. Ga mai tsire, ga mata da ƙwaryar fura da masa a bakin hanya, idonsu ɗaya kan ciniki ɗaya kan titi. Gurasar tamis riyal ɗaya, kwanon wake da suke kira ful riyal biyu, mutum ya ƙoshi har la'asar. Rabin kaza da shinkafa riyal goma sha biyu, na lissafa da naira na fasa. A nan na gane abokin tafiyata ya ruɗe ni. Wanda ya zo umra ya maƙale ba a cewa ba shi da iƙama, wato takardar zama, sai a ce "yana gyaran takardu". Wanda aka kama aka mayar gida, "ya yi tafiya". Na tambayi mai tsire labarin wani ɗan unguwarmu, ya ce yana gyaran takardu. Na ce tun yaushe? Ya ce shekara tara.

Yaya ya rungume ni a bakin ƙofa, ya shafa fuskata da hannu biyu, ya ce na yi ƙiba. Ban yi ƙiba ba, ramewa ma na yi. Da muka zauna na lura kallonsa yana wuce kafaɗata kaɗan. Na miƙa masa hoton Hajiya, ya riƙe shi a kife yana cewa masha Allah. Matarsa ta yi wuf ta karɓa, wai za ta nuna wa maƙwabta. Na bi ta tsakar gida na tambaye ta. Ta ce, "Idon ne ke ɗan damunsa, shuwayya, kaɗan kawai. Ta'ab ne, gajiya." Na ce an ga likita? Ta ce abinci zai huce.

Washegari na nace sai na raka shi aiki. Ofishin wani kamfanin lodin kaya ne a Bagdadiyya, hawa na biyu, shi ne mai dafa shayi da kai takardu tebur-tebur. Daga gida har tashar bas bai yi tuntuɓe ba, sai dai leɓɓansa suna motsi. Na zaci tasbihi yake, ashe taku yake ƙirgawa.

A ofishin ma'aikata bakwai ne, yawancinsu Indiyawa da Misrawa, har da wani akawu, Ustaz Usman, Bahaushen Sudan mai Hausa mai kauri. A bango akwai takarda da Larabci da Turanci, ya fassara mini: jerin kalmomin da babban ofishinsu ya hana a kira ma'aikaci da su, na launin fata, na ƙasa, na naƙasa. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce har nan kuka biyo ni.

Aka ba ni kujera a lungu, na zauna ina kallo. Yaya ya fito da tire. Yana doso teburin farko sai mai teburin ya ɗauki biro ya ƙwanƙwasa katako sau biyu, idonsa na kan takardunsa. Yaya ya ajiye kofi daidai inda aka ƙwanƙwasa. Tebur na biyu ma haka, na uku haka. Har mudir, shugaban ofishin, wani Balarabe mai farin gemu, ya ƙwanƙwasa nasa yana waya. Na lura an ɗaura wa gwangwanin sukari roba don ya bambanta da na ganyen shayi, kuma duk wanda ya tashi sai ya mayar da kujerarsa daidai inda take. Kowa ya sani ke nan. Mutum bakwai sun shekara biyu suna ƙwanƙwasa biro, babu wanda ya kama hannunsa ya kai shi asibiti.

Da azahar aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka zuba shinkafa a faranti ɗaya, duka muka kewaye har mudir. Bayan ci Yaya ya ɗauko buta zai zuba shayi. Ni ne na ɓata tsarin, don na janye kofina ban sani ba. Tafasasshen ruwa ya sauka a bayan hannunsa. Ya ajiye butar ya ɓoye hannun a bayansa. Wani ya ce butar nan tana yoyo, wani ya ce lallai a sayi sabuwa. Nan na fashe. Na faɗa da Hausa, na sake faɗa da guntun Larabcina, da ƙarfi: "Buta lafiyarta ƙalau! Mutumin nan ba ya gani. Makaho ne!"

Mudir ya goge hannu a hankali, ya tashi ya shiga ofishinsa ya rufo ƙofa. Ustaz Usman ya ja ni baranda. Ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwana, me ka yi? Mudir ya sani tun bara waccan, amma ba wanda ya faɗa a gabansa. Yanzu ka faɗa gaban shaidu. In bai rubuta wa babban ofis ba, gobe wani abu ya faru, shi za a kama. In ya rubuta, kamfani ne kafilin yayanka, mai tsaya masa, sunan kamfanin ne a kan iƙamarsa. Ba aiki, ba iƙama. Halas, shi ke nan."

Na ce to da sai a bar shi ya ƙone? Ya ce, "Da ka ja ni gefe, kamar yadda na jawo ka yanzu."

Muka shiga bas zuwa gida, ni da Yaya. Sai da muka sauka ya ce, "Indiyawa da Misrawa sun rufa mini asiri shekara biyu. Kai kwana ɗaya ka yi." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Duk da haka kashegari ya yarda muka je asibitin ido a Bani Malik, tun da babu sauran abin ɓoyewa. Likitan ya daɗe yana haskawa. Ya ce hawan jinin ido ne. Na dama ya tafi, na hagu saura ɗan haske, za a yi ƙoƙarin riƙe shi da maganin ɗigawa. Ya ƙara da cewa da an zo tun da abin ya fara, da labarin ba haka yake ba. Matar Yaya ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Ni kuma na rasa wanda zan ji haushi, su da suka yi shiru ko ni da na yi magana.

Kwanakin da suka rage ban iya zama wuri ɗaya ba. Na zaga tsohon gari da gidajensa masu tagogin katako, na je bakin teku na dawo, na sayi dabinon tsaraba ban ko taya ba. Takardar kamfani ta fito: an sallami Yaya, an ba shi wata biyu ya haɗa kayan shekara ashirin da shida. Ranar da zan tafi ma'aikatan ofishin suka zo gidan su bakwai, da buhun shinkafa da sabuwar buta. Mudir ya sumbaci goshin Yaya. Ni ya ba ni hannu kawai. Da zan shiga mota Yaya ya laluba ya kamo rigata ya ce, "In ka koma gida ka gyara mini ɗakin soro. Kuma kada ka riƙa matsar da kujeru."

Na haɗu da abokan tafiyata a filin jirgi, kowa da jibgin kaya. Muka sauka Kano da hantsi, muka iso Zariya bayan azahar. Duk hanya ina juya abin da tafiyar ta koya mini. Har gobe ban yarda a sake wa ciwo suna a zauna ana kallonsa ba, don lallaɓa harshe ya ci idon yayana ɗaya. Amma na gane faɗin gaskiya ma aiki ne mai wuri da lokaci, kuma ni abin da nake taƙama da shi rabinsa gaskiya ne, rabinsa rashin haƙuri. Shirunsu ya ci masa ido, maganata ta ci masa aiki.

Na tarar da Hajiya a kan dardumarta, ta kasa kunne tun daga sallamata. Ko ruwa ba ta bari na sha ba ta ce, "To, yaya ka baro shi?" Na dubi tsohuwar nan, hannunta a kan carbi. Na shirya maganar tun daga Kwanar Dangora, kalma uku ce kacal: Yaya ya makance. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Yana nan tafe gida, Hajiya. Idon ne ke ɗan damunsa."

Ta ajiye carbin. Sannan ta ce, "Har kai ma?"