Lodin da Na Yi wa Baba

Sana'ata tura finafinai a waya. Ina da ɗan shago a bakin kasuwa a Daura, da kwamfuta ɗaya wadda ta fi ni saurin fushi idan rana ta take. Mata su zo neman na Hausa da fassarar Indiya, samari na faɗa, 'yan makaranta kuma katun ɗin Japan. Ni ma, da gemuna da komai, katun ɗin na fi so, kuma ban ga wanda zan ba haƙuri a kan haka ba. Sai dai yanzu akwai wurin da ba na iya kallo. Da na ji ƙararrawar nan tasu ta mashigar jirgin ƙasa, sai in miƙe in kama goge kantar shagon, ko da babu ƙura a kai.

Mahaifina ɗan kamasho ne, tun kafin a haife ni yake lodin motocin Zango a tasha. Idan ya ɗaga murya yana kiran fasinja, mai shayi na can ƙarshen tasha sai ya juyo. Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, daga "kai" sai "wancan". Sana'ata kuwa bai ɗauke ta a bakin komai ba. Cewa yake ni kaɗai ya sani mai sayar da abin da ba a riƙe shi a hannu.

Da ciwon ƙoda ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ya koma zaman zaure. Mutumin da ya saba da hayaniya tun asuba, sai ga shi daga shi sai buta da ƙudaje. Na ɗauko tsohuwar kwamfutata na ajiye masa a kan kujera 'yar tsugune. Na sa masa na Hausa, ya ce surutu ya yi yawa. Na sa masa wa'azi, ya saurara, ya yi barci. Wata rana na manta na bar wani katun yana tafiya na shiga cikin gida, da na fito na tarar ya matso da tabarmarsa.

"Kai, zo nan. Wa ke lodi a tashar nan?"

Jirgin ƙasa ne mai tarago biyu, yana ratsa gonakin shinkafa. A ciki yarinya ɗaya ce 'yar makaranta, ta rungume jaka, sauran kujerun duk wayam.

Na ce, "Baba, su ba a yi masu lodi. Lokaci ya yi, jirgi ya tashi."

"Ko ba kowa?"

"Ko ba kowa."

Ya yi tsaki mai tsawo. "To a kori shugaban tashar."

Daga ranar ya samu aikin yi. Bai san Japananci ba, Turancin da ke rubuce a ƙasa ma bai dame shi ba, labarin kuwa ko oho. Abin hawa kawai yake jira. Idan aka daɗe ana hira a aji ko ana kuka a bakin kogi, sai ya ce in tura gaba. Mutanen nan kuma sun iya zana abin hawa kamar sun yi rantsuwa a kai. Ga kekuna da kwando a gaba, ga ƙaramar motar ɗaukar kaya ta manoma wadda Baba ya ce ko buhun gero uku ba za ta kai Dutsi da su ba, ga direban jirgi da farar safar hannu yana nuna hanya da yatsa shi kaɗai. Wannan ya ba Baba dariya har da tari. Akwai wata bas da ke hawan dutse cikin ruwan sama, ta tsaya a wata 'yar rumfa, ƙofa ta buɗe da kanta, babu mai shiga babu mai fita, ta rufe ta wuce. Baba ya sa na mayar da wurin nan ya fi a ƙirga, yana zagin direban, yana cewa man banza ya samu.

Ban san ranar da dariyar ta ƙare ba. Na dai lura ya daina zagi. Yakan zuba wa taragon ido, musamman 'yan madaukan nan da ke rataye a sama don masu tsayuwa su riƙe. Idan babu kowa, sai su yi ta lilo gaba ɗaya, gefe guda, duk lokacin da jirgin ya karkata. Wata la'asar, bai ko dube ni ba, ya ce:

"Wannan shata ce."

Wanda bai yi zaman tasha ba ba zai ji nauyin maganar ba. A wurinmu mota ba ta tashi sai ta cika, ta batse, an ɗaure but da igiya. Motar da za ka gani ta fita da kujeru a buɗe, to shatarta aka yi, wani ya ɗauke ta dungurungum. Talaka kuwa ba ya shatar mota don daɗi. Ko mara lafiya ne za a kai Kano ko Katsina, ko kuma an je ɗauko shi. Baba ya ce shi ya sha rufe wa irin waɗannan motoci ƙofa da hannunsa, kuma zai iya lissafa waɗanda suka dawo a zaune.

"Yarinyar nan ba ta sani ba ne," in ji shi. "Shi ya sa take kallon taga."

Na ce ai makaranta za ta, a ƙarshen fim ɗin ma har aure ta yi. Ƙarya nake, ban san ƙarshensa ba. Ya ce in kashe.

Ba a jima ba likita a nan Daura ya ce abin ya fi ƙarfinsu, a kai shi Kano, kuma kada a yi wasa. Ya ce a samu motar da za ta tsaya duk inda ya bukata, ta kai shi har ƙofar asibiti. Na dawo gida na faɗa. Baba ya ce Kano zai je, amma a motar haya, cikin mutane, kamar kowa. Shata kam sai dai bayan ransa. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mutumin da ba ya iya zuwa bayan gida sai an riƙe shi, wane direba ne zai cusa shi cikin fasinja? Ya juya fuska bango. Ƙafafun kuma kullum ƙara hawa suke, har fatar ta fara sheƙi. Na ji tsoro ƙwarai.

Dabarar daga wurinsa na sato ta. A tasha, idan mota ta ƙi samun fasinjan farko, akan zaunar da 'yan zaman banza a ciki don mai zuwa ya ga kamar saura kaɗan. Idan na gaskiya suka fara shiga, sai su zame ɗaya bayan ɗaya. Baba yana kiransu masu ɗumama kujera, kuma ya yi shekaru yana zaunar da su.

Na yi shatar ƙaramar mota a ɓoye, na roƙi direban ya tsaya a layi kamar mai jiran lodi. Na samu Baffa, ƙanen Baba, da maƙwabcinmu mai gyaran keke, da wani ɗan gwaggona. Damina ce, ana tsakiyar noma, babu wanda zai iya barin gona ya kwana a Kano. Suka yarda za su raka mu wani wuri a hanya, kowa ya ƙirƙiro uzurinsa, in ya sauka ya nemi ta dawowa. Na ba kowa kaya ya riƙe. Har kaza na aro.

Da safe muka kawo Baba tasha a keke mai ƙafa uku. Tsofaffin abokan aikinsa suka taso ana ta gaisawa, duk an gaya masu dabarar. Ya leƙa motar, ya ga Baffa a baya.

"Kai kuma ina zuwa?"

"Wajen Sandamu, Yaya. Gaisuwar rashin lafiya."

"Da kaza?"

"Da kaza."

Baba ya gyaɗa kai. Aka zaunar da shi gidan gaba, na ce kujera biyu na kama masa saboda ƙafa. Mu huɗu muka matsu a baya. Wani abokinsa ya buga rufin motar da tafin hannu ya ce a sauka lafiya. Na ga kafaɗun Baba sun sauko. Har ya ce wa direban ya rage gudu a kwanar fita gari, akwai rami.

Gero ya kai gwiwa ko'ina, kore shar, mutane sun duƙa a gonaki. Baffa ya fara sauka da kazarsa. Ya zagayo ta tagar gaba, ya riƙe hannun Baba ya ƙi saki, sai da direba ya taɓa hon. Muka ɗan yi nisa, mai gyaran keke ya ce ga mahaɗarsa nan, wai zai sayo taya a wani ƙauye da ko shago babu. Ɗan gwaggona ya daure har Kazaure. Da ya sauka sai bayan motar ya zama nawa ni kaɗai, na rasa inda zan sa hannuwana. Igiyar but da ba a ɗaure komai da ita ba tana ta bugun ƙarfe.

Muka ci gaba da tafiya. Can Baba ya ce, yana kallon gaba:

"Lodinka bai yi ba."

Ya ci gaba:

"Mota ta cika, ba wanda ya yi gardamar kuɗi. Ba wanda ya ce a matsa mishi. Ba wanda ya tambayi yaushe za a tashi. Jakar mai gyaran keken nan kuma da ya ɗaga ta, da yatsa biyu ya ɗaga." Ya numfasa. "In za ka zaunar da mutum, ka sa mishi dutse a jaka."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri."

"Tun a tasha na gani. Na ce bari in ga iya inda za su kai ni."

Ina jin haushinsa, ina jin kunya, ina kuma son in kifa kaina a bayan kujerarsa in yi kuka. Ban yi ko ɗaya ba. Ya juya wajen direban.

"Ɗana, in ka ga mai tsayar da mota, ka tsaya. Ko waye. Ko nan da can ne."

Direban ya dube ni ta madubi, na ce ya tsaya. Muka fara duban bakin hanya mu uku. Hanyar nan da kullum sai ka ga mutum a gindin kowace bishiya yana ɗaga hannu, ranar kamar an share ta. Hadari ya haɗo daga gabas, kowa yana gona yana sauri. Wajen Ɗambatta muka hango wani tsaye da buhu, direba ya rage gudu har ya sauka gefen titi, mutumin ya yi mana alama da hannu cewa tsallakawa zai yi. Baba ya bi shi da kallo har ya haye. Daga nan ruwa ya sauko, aka ɗaga gilasai. Haka muka shiga Kano, shi a gaba, ni a baya.

Bai yi mako a asibiti ba. Ranar da ya cika, da hantsi, ina riƙe da kofin da nake ba shi ruwa.

Direban nan dai na kira, don shi na sani. Aka kwantar da kujerar gaba, aka shimfiɗa Baba a naɗe cikin zane da tabarma, ni na zauna a baya daidai kansa, na dafa shi saboda gargada. Rana ta fito tas, ranar kasuwar wani gari ce a hanya. Tun daga bayan Kano mutane ke ɗaga mana hannu. Mata da ƙwarya, dattawa da awaki, 'yan makaranta. Suna hango mota ba lodi sai su taso da gudu har bakin kwalta, mu wuce, in ga hannun yana sauka a hankali.

Na ce wa direban ya tsaya wa wani.

Ya ce, "Malam, ba a yi."

Na ce na sani, amma don Allah ya tsaya.

Bai tsaya ba. Amma a wani ƙauye bayan Kazaure akwai tudun rage gudu, dole ya taka birki. Wani mutum mai matsakaicin shekaru, da sabuwar fartanya a kafaɗa, ya biyo mu da sassarfa ya kama ƙofar baya.

"Daura?"

Na ji bakina ya ce, "Daura. Akwai wuri."

Ya buɗe ƙofar, har ya sa ƙafa ɗaya. Sai idonsa ya sauka a kan tabarmar. Ya tsaya a haka, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, ya dubi tabarmar, ya dube ni.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ke nan?"

"Mahaifina ne. Shigo, don Allah. Ba sai ka biya ba."

Ya janye ƙafarsa a hankali. Ya sauke fartanyar, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya shafa.

"Allah shi jiƙanshi, Allah shi ba ku haƙuri," in ji shi. "Ku je, zan jira ta baya."

Ya rufe mana ƙofar da hannu biyu, a hankali, don kada ta yi ƙara. Direba ya sa giya.