Zuwa Riruwai da Babi na Tara

Asabar: Kano zuwa Tudun Wada

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar Kano, ni da Anti Rabi da direbanta Malam Sale. Anti Rabi a Legas ta girma, da Turanci kuma ta rubuta littafi a kan mahaifinta, marigayi Audu, wanda ya yi haƙar kuza a Riruwai. Ni na mayar da shi Hausa, ranar Litinin za a kai fassarar maɗaba'a.

Ba mu kai Bebeji ba Malam Sale ya leƙo ni ta madubi. "Malam, an ce fassara kake yi. Wane fim ɗin Indiya ne naka?" Na ce ni ta littafi nake yi. Ya ce, "Ayya. Allah ya kawo babban aiki."

Bakwai da kwata muka karya da ƙosai da kunu a Kafin Maiyaƙi. A shingen gaba wani jami'i ya buɗe bayan mota, ya ga littattafai, ya rufe da sauri kamar za a ce ya karanta.

Ƙarfe tara muna Tudun Wada, wurin baje kolin littattafai a harabar wata makaranta. Anti Rabi ta karanta Turanci, aka yi tsit. Na karanta Hausa, aka yi ta dariya da tafi. Da aka tashi kowa ya nufi wajenta, ni kuwa aka ce in ɗan matsa, ina tare hoto. A masaukin baƙi muka kwana, bayan tuwon masara da miyar kuɓewa.

Lahadi: Riruwai

Mun tashi ƙarfe shida, muka ratsa dajin Falgore, muka wuce Doguwa. Goma saura muna zauren Baba Ɗanjuma, tsohon da suka yi rami ɗaya da Audu. Bayan doguwar gaisuwa na buɗe babi na tara, inda Audu ke fitowa daga rami yana cewa, "Yau ma ƙasa ta yi mana afuwa, ta mayar da mu ga iyalanmu." Kwana uku na yi ina gyaran wannan jimla.

Baba ya ce, "Ɗana, wane Audun?"

Na nuna Anti Rabi.

"Audu bai taɓa jera magana haka ba, ko ranar ɗaurin aurensa. In ya fito cewa yake, 'Ɗanjuma, zuba min ruwa, 'yar nan ba ta son laka.'"

Anti Rabi ta sunkuyar da kai. "Shekarata biyar ya rasu, Baba. Ni na ƙirƙira masa."

"Kin yi masa ado, 'yata. Amma 'yar nan da yake faɗa, ke yake nufi. Ba ya ɗaukar ki sai ya wanke hannu."

Ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe a haka.

Sai da muka sake shiga Falgore ta yi magana. "Malam, cire tawa, ka sa ta Baba."

"Na Turancin fa? An riga an buga."

"A bugu na biyu kai za ka fassara mini."

Ana kiran sallar magariba muka shigo Kano lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa mutanen Tudun Wada da suka saurare mu, da Malam Sale da ya dawo da mu kalau, musamman kuma Baba Ɗanjuma, wanda bai taɓa buɗe littafin ba ya gyara mu, mu biyu.