Farin Tayil a Bakin Kwamin Baba

Shekaru sun ja, amma gyaran da na yi wa bakin kwamin wankan da ke bayan gidanmu a garin Isa ba zai taɓa fita daga raina ba.

Kwamin ba na ƙawa ba ne. Lokacin da mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, likita a Sakkwato ya ce tafiya cikin ruwa za ta taimaki ƙafarsa. A sannan fatauci na garawa, ina kai kaya Nijar ina dawowa, sai na sa aka gina shi da siminti, ruwansa iya ƙirji. Kullum da hantsi nakan shiga da Baba, ya dafa bakin da hannunsa mai lafiya, ya yi ta zagayawa a hankali. Mutumin da a ƙasa sai an riƙe shi, a ruwa shi kaɗai yake takawa, har da dariyarsa.

Bayan damina uku bakin ya fara zubewa, simintin ya tsattsage yana yankar tafin hannu. Ni kuwa hanya ta lalace, fita da kaya ta zama kasada, abin hannuna bai wuce na hatsin gida ba. Na kira wani dattijon magini daga Tozai. Ya duba, ya ce a fasa bakin duka, a zuba sabo da tsakuwa, a bar shi da kaushi yadda hannu zai kama. Da na ji yawan simintin da aikin zai ci, sai na shiga kasuwa na samo ragowar tayil fari mai sheƙi, kusan kyauta.

Dattijon ya shafa guda ya girgiza kai. "Alhaji, wanga na ɗaki na. In yaj jiƙe, ba hannun da ka tsayawa bisa nai."

"Malam, abin da nika iyawa ke nan," na ce. "Ku liƙa shi hakanan."

"Za ni liƙawa, amma raina bai so ba."

Har yau ina jin kunyar yadda na yi murna da aikin ya ƙare. Baba ma da ya gani cewa ya yi, "Kai, ya yi kyawo!" Muka shiga, ya taka kaɗan ina gefensa. Na juya ke nan in ɗauko tawul, ya miƙa hannu ya dafa bakin kamar yadda ya saba. Hannun ya sulluɓe. Ƙafar mai ciwo ta lanƙwashe, ya faɗa kan matakala da ƙugunsa, ruwa ya rufe fuskarsa. Na ciro shi yana tari yana salati.

Ƙashin ƙugu ya karye. Muka kai shi Sakkwato a bas, kowane rami muka faɗa sai ya matse yatsuna. Aka yi iya yi, amma tsufa da ciwon farko sun taru. Baba bai sake tsayawa da ƙafarsa ba.

Watanni ya yi a kwance. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Wata rana ya tambaye ni, "An canza ruwan kuwa? In na ji dama za ni shiga." Na ce an canza, alhali kwamin a bushe yake tun ranar. Kafin a girbe gero ya rasu.

Maginin ya zo ta'aziyya, ya yi addu'a, ya tafi bai ambaci maganar tayil ba. Ni ne na kasa ɗaga kai in dube shi.

Na san kwanan Baba ne ya ƙare, ba na jayayya da wannan. Amma na koyi cewa in mai sana'a ya ce maka abu bai yi ba, ka tsaya ka ji shi, ko da aljihunka na kuka. In ya zama dole ka yi tsimi, yi shi a rigarka da abincinka. Kada ka yi shi a wurin da mai rauni zai jingina.