Ƙugiyoyin da Haddu Ya Dakushe

Kawuna Haddu bai taɓa soka tana a ƙugiya ba. Yakan ce wanda ya miƙa wa kifi abinci na gaske sannan ya kama shi, amana ya ci. Shi ƙarya yake yi wa kifi a fili, da katako da fenti, in kifin ya yarda ya haɗiya, to ruwansa. Kafinta ne a da, mai yin ƙofofi a garin Wawizagt. Da matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika, sai ya rufe shagon ya koma wani ɗakin dutse a gangaren da ke kallon tafkin Bin el-Widan. Can ya mai da wuƙarsa kan sassaƙa 'yan kifaye da kwaɗi na katako don kamun bas, kifin nan mai faɗin baki da ke laɓewa a gindin itatuwan da ruwan dam ya shanye.

Kowane katako da lokacinsa. Da sassafe, ruwa na kwance kamar faranti, mai yawo a saman ruwa yake ɗaurawa, wanda ya fafe wa baki kamar cokali, in an fizge shi ya ce ɓul. In rana ta take, bas ya gudu ƙasa neman inuwa, sai ya canja zuwa mai dogon leɓe, wanda ke nutsewa da kansa in ana ja. In aka yi ruwan sama, koguna suka kwararo jan laka cikin tafkin, sai ya ɗauko wani ruwan ɗorawa mai 'yan tsakuwoyi a ciki, don kifin da bai gani ba ya ji da kunnensa. Duk wannan Kawu ya san shi kamar yunwar cikinsa.

Amma iya sassaƙa daban, iya rawar da katako a kan ruwa daban. Wannan kuwa na Ishu ne.

Ishu tsohon direban babbar mota ne, gajere, mai baki kamar reza. Tun gashin su biyun na baƙi suke shiga shuɗin jirgi ɗaya, wannan ya tuƙa wancan ya jefa, in an jima su yi musanya. Ishu zai jefa katakon ya faɗi daf da reshe, sai ya tsaya cak har ruwan ya koma ya kwanta. Sannan ya ɗan motsa tsintsiyar hannu, ɓul, ya sake tsayawa. A wannan tsayuwar bas ke kawo hari, don a nan katakon ke kama da abin da ya ji ciwo ya gaji. Mutanen bakin tafki sukan ce Haddu ke haifar 'ya'yan, Ishu ke hura musu rai. Da katakon Kawu, a jirgin Kawu, kullum Ishu ne ke fitowa da kifi mafi yawa, yana tafe yana kiran abokinsa uban 'yan tsana. Kawu ya yi murmushi ya ce direba ba ya rasa surutu. Na girma ina ganin murmushin nan, ban taɓa tambayar kaina abin da ke bayansa ba.

Sai hannun Ishu na dama ya fara rawa. Da fari in ya ɗauki kofin shayi ne kawai ake lura. Daga baya abin ya bi sandar fatsa ya sauka kan zare, ya isa ga katakon. Ko da Ishu ya riƙe numfashi, katakon ba ya tsayawa, sai ya yi ta karkarwa a kan ruwa yana ja baya kaɗan-kaɗan. Bas ya taso ya duba, ya juya. Likita a garin Bani Mallal ya ba shi ƙwayoyi, ya ce abin na shekaru ne. Ishu bai gaya wa Kawu ba, Kawu bai tambaya ba, su biyu a jirgin da bai fi tabarma biyu tsawo ba.

Ranar farko da Kawu ya fi shi kamu, Ishu ya yi dariya ya ce ko makaho yakan tsinci kuɗi a kasuwa. Da abin ya sake faruwa, sai ya naɗe zarensa tun rana ba ta yi zafi ba, ya ce gwiwarsa na ciwo.

Da Kawu ya koma ɗaki, ya sauko da katakansa daga ƙusoshin bango, ya ɗauki magagari, ya bi bakin ƙugiyoyin waɗanda zai yi amfani da su ya goge tsininsu, har da ɗan kunnen nan da ke hana kifi zamewa. A ido ba za ka gane ba. Daga ranar, bas zai daki katakon Kawu ruwa ya tashi, sanda ta lanƙwashe, sai zare ya saki. Kawu ya buga cinya ya tsine wa sa'arsa. Ishu kuwa ya farfaɗo. Kamunsa bai ƙaru ba, ɗaya ne ko biyu a wuni, amma ɗaya ya fi babu, bakinsa ya dawo. Ya ce wa Kawu da ma ƙofa ya ci gaba da yi, ita dai ba ta gudu.

Mahaifiyata, ƙanwar Kawu, da ta ji labarin daga baya, cewa ta yi yayanta mai tausayi ne tun yana yaro. Ni ban gamsu ba. Mai tausayi yakan bar wa abokinsa wuri mai kyau, ko ya yi ta tuƙi ya ce kafaɗarsa ba ta son jifa yau. Amma mutum ya zauna shi kaɗai yana kashe bakin abin da ya ƙera da hannunsa, kamar mai hukunta kansa, wannan akwai wani abu a ƙasa.

Asirin ya tonu wata safiya da kaka, ana tsinkar zaitun. Wani ƙaton bas ya haɗiye kwaɗon katakon Kawu kusa da jirgi. Hannu ya riga tunani, Kawu ya fizga da ƙarfi. Katakon ya kuɓuce daga bakin kifin ya taho kamar an harbo shi, ya daki Ishu a dantse, inda ya naɗe hannun riga. Duk wanda ya taɓa wannan sana'a ya san abin da ke biyo baya: ƙugiya cikin nama, awartaki, jini. Katakon nan sai ya zame ya faɗi cikin jirgi, ko ƙwarzane babu.

Ishu ya duba dantsensa. Ya ɗauki katakon ya shafa babban yatsa a bakin ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya jawo akwatin Kawu ya buɗe, ya shafa wani, ya shafa wani.

"Tun yaushe?" ya ce.

Kawu ya fara cewa duwatsun ƙasa ne ke cin bakin ƙarfe.

"Haddu, duwatsu ba su da magagari. Mai da ni gaɓa."

Suka isa gaɓa. Ishu ya fita ya bar sandarsa a jirgin.

Hunturun nan Kawu shi kaɗai ya yi shi. Ruwa ya yi sanyi, bas ya lafe a ƙasa, amma duk da haka yakan fita. Jirgin mutum biyu ba ya jin maganar mutum ɗaya. In ya saki filafili don ya jefa, iska ta juya shi. In ya kama filafili, zare ya yi sako-sako katako ya maƙale a reshe. Ya wasa ƙugiyoyinsa duka, ya kama kifi, ba wanda zai tara masa homa, ba wanda zai ce ƙarami ne. Ya sake su. Wata rana na kai masa gurasa da man zaitun na tarar ya zuba shayi kofi biyu, da ya gan ni sai ya ce ai ya ji tafiyata tun daga nesa. Kofin ya riga ya huce. Sandar Ishu na jingine a bayan ƙofa, an goge ta, an sa mata sabon zare. Ranar kasuwa in sun haɗu a Wawizagt, Ishu yakan amsa sallama kamar yadda ake amsa wa baƙo, ya wuce.

Da bazara ta shigo aka rufe tafkin kamar kowace shekara, don bas ya matso gaɓa ya yi ƙwai. Kawu ya rasa ko fitar da yake ɗebe kewa da ita. Sai ya zauna a kan dutse yana kallon ruwa, har ya lura da 'yan ƙananan kifaye da ke tsayawa wuri guda a inuwar reshe, jikinsu na ɓari, ba gaba ba baya. Ya koma ɗaki ya fara sassaƙa. Wani ɗan siriri ya yi, ya huda cikinsa ya ɗura dalma kaɗan-kaɗan yana gwadawa a bokiti, har ya samu wanda ba ya tasowa sama da kansa, ba ya kuma faɗawa ƙasa kamar dutse. Ya ɗaura masa gashin zakara a wutsiya. Wannan ba na jifa ba ne. Na zurawa ne a miƙe daga gefen jirgi, a kan itatuwan zaitun da dam ya shanye, a bar shi a wurin yana karkarwa. Hannu mai lafiya sai ya wahala kafin ya ba shi wannan motsin. Kawu ya gwada a bokitin yana kwaikwayon rawar hannun abokinsa, ya ce da ni bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, alhali ba kowa a ɗakin.

Ana gab da buɗe tafkin ya saka shi a aljihu ya tafi gidan Ishu. Ittu, matar Ishu, ita ta ba ni labarin abin da ya faru, don tana nan tana zuba musu shayi. Ta ce Kawu ya ajiye katakon a kan tire ya yi ta bayanin dalma da gashin zakara, yana kewaye-kewaye, ya kasa furta kalmar hannu. Ishu ya bar shi har ya gama, sannan ya ce wato an gama ba shi sadakar kifi, yanzu an kawo masa sandar guragu, Allah ya ba da lada, a ɗauke.

Kawu ya ajiye kofinsa.

"Ba tausayinka na ji ba, Ishu," ya ce. "Daɗi na ji. Ranar da na fara ganin katakonka ya ƙi tsayawa, daɗi na ji har cikin raina, na ce yanzu sai ni. Sai kuma na ga ka naɗe zare da hantsi, na san in na ci gaba da fin ka ba za ka ƙara shiga jirgin ba. Ni kuwa ba ni da wani."

Ittu ta ce ta ɗauka mijinta zai jefe shi da buta. Sai ta ga kafaɗunsa na motsi, ashe dariya yake yi ƙasa-ƙasa.

"Daɗi ka ji," ya ce. "To madalla. Ashe da mutum nake shiga jirgi, ni na ɗauka waliyyi aka haɗa ni da shi. Duk sanyin nan abin da ke cina ke nan, wai kafinta ne ke jin tausayina. Hassadarka ai na saba da ita. Tun muna da haƙora nake jin ɗuminta a ƙeyata, ita ke sa in iya jifa."

Bai ce zai zo ba. Ya ce wa Kawu ya ɗauke 'yar tsanarsa, Kawu ya yi kamar bai ji ba, ya sa takalmi ya fita.

Ranar da aka buɗe tafkin Kawu ya sauka gaɓa da sanduna biyu. Sauran jirage suka yi ta fita suna gaishe shi, yana ta gyara igiyar da ba abin da ya same ta. Rana ta leƙo bayan dutse, lokacin da ya fi kyau ga mai yawo a saman ruwa yana wucewa. Sai ga Ishu yana gangarowa a hankali cikin jallabiyarsa mai hula rataye a baya, ba sallama. Ya shiga jirgin ya jawo akwatin Kawu, ya bi ƙugiyoyin da yatsa. Hannun na rawa, ta uku ta soke shi. Ya duba jinin, ya tsotse, ya ce a tuƙa.

Mai fafaffen baki Ishu ya ɗaura, irin na da, ya jefa shi daf da reshe kamar yadda ya saba. Katakon ya yi ta karkarwa, ba abin da ya taso. Da aka yi musanya Kawu ya jefa nasa, ya jira ruwa ya kwanta, ɓul, ya tsaya. Ruwa ya fashe. Kawu ya ce da ni ya ji idon Ishu a kansa, hannunsa ya so ya yi sanyi, amma ya jira nauyin kifin ya sauka a sanda, ya fizga. Ishu ya tara homa, bakinta na kaɗawa, sai a karo na biyu kifin ya shiga. Ya ɗaga shi ya juya ya ce wannan ai jariri ne, uwarsa na nemansa.

Kawu ya ƙara kama wasu, Ishu ko ɗaya. Abin da Kawu ya yi rabin rayuwarsa yana so ke nan, ya ce da ni bai ji masa ɗanɗanon komai ba, sai dai zagin da ke zuwa daga ƙarshen jirgin, shi ne ya yi masa daɗi.

Da rana ta take, kifi ya koma ƙasa, har an wuce lokacin da a bara Ishu kan ce gwiwarsa na ciwo. Kawu ya riƙe filafili yana jira ya ji an ce gaɓa. Ishu ya yanke katakonsa daga zare ya jefa a akwati. Ya kai hannu baya cikin hular jallabiyarsa ya laluba, ya fito da ɗan siririn nan mai gashin zakara. Ɗaura shi ya ɗauke shi lokaci, zaren na ta kuɓuce wa yatsunsa. Kawu ya kau da kai yana kallon duwatsu, bai miƙa hannu ba.

"Tuƙa mu kan zaitunan, kafinta," in ji Ishu, yana jan ƙullin da haƙori. "Kuma in na kama da wannan abin, hannuna ne ya kama, ba katakonka ba."

Kawu ya ce ya ji. Ya juya jirgin ya nufi tsakiyar tafki.