Farfesun Mama da Kunyar Suruki

Ni da albasa na fara. Na zo Fatakwal ina dako a Kasuwar Oil Mill, daga dako na koma kasa albasa a ƙasa, daga baya Allah ya ba ni rumfa. Harkar kifi kuwa surukina ne ya sa ni, kuma saura kaɗan kunya ta fitar da ni tun ban shiga ba.

Surukin nawa tsohon ɗan kasuwa ne a Fegge, cikin Anacha. A can ya yi furfura, a can ya haifi 'ya'yansa, yaren Ibo kuwa har mafarki yake yi da shi. Sana'arsa kifi banda da busasshen jatan lande: ya saro daga garuruwan bakin teku, ya loda a tashar motar Upper Iweka, mota ta yi Arewa. Shekarar da na auri 'yarsa gwiwa ta fara damunsa, 'ya'yansa maza kuma duk sun bi boko. Sai ya aiko in shirya, zai zaga da ni wurin matan da yake sayen kaya a hannunsu ya damƙa ni gare su. Ya ce a wannan sana'a wadda ta yarda da kai ita ke ɓoye maka kaya mai kyau, wadda ba ta yarda ba, ko da buhun kuɗi ka zo, ragowa za ta ba ka.

Abin da bai gaya mini ba shi ne rabin tafiyar ci ne.

Tun a bakin tashar jiragen ruwa ta Fatakwal ya fara. Ya tsaya gaban wata mai gasa bole, wato ayabar nan babba da ake gasawa a kan gawayi, aka zuba masa miyar manja mai barkono, aka ɗora kan kifi. Ya miƙo mini.

"Bismilla, ango."

"Alhamdu lillahi, Baba, na ƙoshi."

Ni mutumin ƙauye ne. A garinmu ko ruwa ba ka sha a gaban uban matarka. In ka hango shi a hanya ma, ka cire takalmi ka durƙusa. To yaya zan zauna ina tsotsar ƙashin kifi yana kallona? Ya dube ni, ya ce to, ya cinye nasa ya cinye nawa.

A Boni, bayan jirgin inji ya gama wanke mu da ruwan gishiri, wata dattijuwa ta kawo ƙaguwa a cikin miya, manya, jajaye. Baba ya naɗe hannun babbar riga yana fasa su da haƙori, yana ba ni labarin yadda ya fara zuwa garin a kwalekwale. Na ce na ƙoshi. A Opobo aka kawo kifi ɗanye da aka ciro da safe, an gasa shi da albasa, ƙamshin har cikin ƙwaƙwalwa. Albasar ma na gane ta, irin tamu ce ta Arewa. Na ce na ƙoshi. Duk inda muka sauka sai in ce zan je in kama ruwa, in zaga bayan shaguna in sayi burodi da lemon kwalba, in tura a tsaye kamar ɓarawo, in goge baki in dawo.

Sai dai na lura fara'ar matan nan ta Baba ce, ni kallo ɗaya suke yi mini su kau da kai. Ni ɗan kasuwa ne, na san ma'anar wannan kallo, amma na ce a raina in suka ga kuɗina za su sake.

Zangon ƙarshe wani ƙauyen masunta ne gaba da Opobo, inda kogi ke shiga teku. A nan babbar dillaliyar Baba take, wadda kowa ke kira Mama. Rumfunan banda na garin kusan duk a hannunta suke, kuma yawancin kayan da Baba ke lodawa nata ne. Tana ganinsa ta saki guɗa irin tasu, ta sa aka shimfiɗa mana benci a inuwar kwakwa. Tana da wata tukunya da ta keɓe domin baƙinta Musulmi, nama bai taɓa shiga cikinta ba. Da ita ta yi farfesu da hannunta: kifi, jatan lande, ƙaguwa, da wasu ƙananan dodon koɗi masu baƙin ɓawo da suke kira isam.

Ta ajiye kwano a gabana. Na ce na gode, na ƙoshi.

Ta ajiye ludayi. Da Turancin buroka ta yi magana, amma ko kurma zai gane. Ta ce wa Baba labarina ya riga ni isowa, matan Boni da na Opobo sun bugo mata waya cewa Alhaji ya zo da wani mai ƙyamar abincin mutane. Ta ce wanda yake ganin tukunyarta ƙazanta ce, ko yake zaton za ta zuba masa magani, ba zai taɓa kwandonta ba. Alhaji ya ci gaba da saye har ranar da ƙafarsa ta ƙi, daga nan kuma ta san wanda za ta ba.

Gumi ya keto mini. Na bar rumfata a hannun maƙwabci, na gaya wa duk 'yan layinmu na zama dilan kifi, ga shi zan koma da warin hayaƙi kawai.

Baba kuwa dariya yake har hularsa na zamewa. Ya ce mata, "Mama, wannan ba ƙyama ba ce, yunwa ce ma ke neman kashe shi. 'Yata yake aure. A garinsu ba a ci a gaban suruki." Ya juyo gare ni da Hausa. "Kai kuma, burodin Opobo ya fi na Boni laushi, ko?"

Na sunkuyar da kai. Ashe duk yana gani.

Mama ta riƙe haɓa. Ta ce su a nan surukin da ya ƙi cin abincin gidan matarsa shi ake kai ƙara wurin dattawa. Ta yi ɗan tunani, ta ce al'adata tawa ce, ba za ta karya mini ba, amma tata ma ba za a karya ba. Don haka, in ji ta, sai Alhaji ya juya baya.

Baba ya ɗauki kwanonsa, ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya haye bencin, ya fuskanci teku ya ba ni baya. "Ni yanzu ba na nan," in ji shi. "Na tafi Anacha."

Na yi bismilla. Romon nan ya sauka cikina, yaji da ɗan ɗaci na wani ganye, na ji idona ya buɗe. Na yi niyyar in ci a hankali ba motsi, kada ya ji. Kifi ya ba ni haɗin kai. Isam ne ya tona mini asiri. Na sa ɗaya a baki na gartsa, ya yi ƙaras kamar na tauna tsakuwa.

Daga bayana, mutumin da ya tafi Anacha ya ce, "Ba a taunawa, ango. Tsotsa ake yi. Kama gindin ka ja da ƙarfi."

Na ja a hankali, ba abin da ya fito.

"Da ƙarfi, na ce! Da wannan sanyin za ka yi ciniki da Mama?"

Na rufe ido na zuƙa. Ƙarar da ta fita, na tabbata masunta a cikin ruwa sun ji ta. Matan da ke juya kifi a rumfa suka kwashe da shewa, Mama ta dafa cinya tana dariya, ta ƙara mini ludayi biyu ba tare da ta tambaye ni ba. Na cinye, na miƙa kwano aka sake cikawa. Da na gama ta kama hannuna, manja da komai, ta ja ni rumfar ciki inda take ajiye kayan da ba ta nuna wa baƙo, ta ce in zaɓa.

A hanyar dawowa ni na ce mu sake tsayawa a Opobo da Boni. Baba ya zauna a bakin jirgi yana kallon ruwa, ni kuma na bi matan nan ɗaya bayan ɗaya na ci abin da na ƙi ci, har ƙaguwar.

Yanzu motata nake lodawa a Upper Iweka, kuma mafi yawan kayan na rumfar Mama ne. Baba ya daina tafiya, gwiwa ta zaunar da shi. Duk sanda na dawo daga teku nakan biya Fegge da ƙullin isam, a dafa masa. Har yau ban taɓa cin abinci ina kallon fuskarsa ba. In an kawo kwano, shi da kansa yake jan kujerarsa ya fuskanci bango, ya ce, "To, na tafi. Zuƙa in ji."