Yumɓun Inna a Ƙarƙashin Baraji

A bazarar shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, ranar wata Laraba, muka bi Inna ɗibar yumɓu muka tarar da katafila tsaye cikin raminta. Inna maginiya ce. Tulunanta har kasuwar Tasawa ake nema, da su take ciyar da mu tun rasuwar Baba. Aikina tattake ƙasa da ƙaiƙayin gero, ƙanwata kuma ta tara kashin shanu na gashi.

Aka ce baraji za a yi, a tare ruwan koramar da ke cinye gidajen bakin gari duk damina. Gaskiya ne, ya tare. Amma da yumɓun Inna aka ɗaga bangon, abin da ya saura kuma ruwa ya kwanta a kai. Mu yara muka sami wurin iyo, muna tsere zuwa kan gawon da ya nutse. Ran Lahadi ma'aikata su zo da rediyo da kayan shayi, su baje tabarmi suna yabon iska.

Inna ta gwada ƙasar wajen Korgom. Tulunan suka riƙa tsagewa cikin wuta. Wata safiya ta ɗauki fatanya ta nufi gindin bangon. Gardin wurin, yaron da ya sha ruwan randarta, ya tare ta.

"Iya, so kike ki sako muna ruwa cikin gari?"

"Ƙwarya guda, ɗan nan."

"Ko cokali. Ki tahi gida, Iya, kar ki ja mini kora."

Ba ta ƙara gini ba, ta koma surfen gidajen mutane. Amma in na dawo iyo sai ta kamo ƙafata, ta kankare taɓon da ya bushe a ƙwaurina, ta murza, ta shinshina. "Wagga ta gindin gawo ce," in ji ta.

Da na girma na shiga duniya, na ga manyan madatsai a Gana da Mali, na ji ana yabonsu cikin harsuna dabam-dabam. Ban taɓa jin an tambayi abin da ke ƙarƙashin ruwan ba. Bara na koma gida, bayan rasuwar Inna. Rairayi ya cike barajin, ba gardi, ba tabarmi, masu bulo na haƙar bangon da amalanke. Yanzu kowa na ɗiba, ban da wadda ta roƙi ƙwarya guda.